Musulmi da Hanyar Lugu

A shekarar 2019, kafin annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa an yi tafiye-tafiye kusan biliyan 1.5 daga wata ƙasa zuwa wata. Hausawa ma suna cikin wannan ayari, ko da rabonsu kaɗan ne. Mai hali yakan kwashi iyalinsa zuwa Dubai ko Istanbul, ɗalibin Azhar ba ya barin Alƙahira sai ya ɗauki hoto a gaban dalar Giza, mai Umra kuma yanzu yana iya ƙarasawa Al-Ula ya ga ɗakunan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, tunda Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019. Da wuya ka ji an tada jijiyar wuya a kan waɗannan tafiye-tafiye. Amma a ce wa mutumin Dogon Dutsi ko na Tibiri, wanda ya yi asuba cikin jam'i, ya zo a je Lugu, ƙauyen Sarauniya da ke yankin Ɗan Kasari a Nijar, tafiyar da za a je a dawo a yini ɗaya, sai ka ga fuskarsa ta sauya. Zai ce wurin Azna ne, wurin tsafi ne, me Musulmi zai je yi? Tambayar ba ta wasa ba ce, mai yin ta kuma kishin tauhidi ne ya sa shi. Sai dai a ganina amsar da aka saba bayarwa ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Abin da ke halatta tafiya ko ya haramta ta shi ne abin da matafiyin ya je nema, kuma in aka auna da wannan ma'auni, Musulmin ƙasar Arawa ya fi buƙatar ganin Lugu a kan ganin dalar Fir'auna.

Kafin a yanke hukunci gara a san abin da ke can. Ƙasar Arewa ta jihar Doso, wato ƙasar Arawa, tana shimfiɗe ne a bakin Dallol Mawri, wani tsohon kwarin kogi da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya riska, ya bar ruwa kusa-kusa a ƙarƙashin rairayi, ya bar tsaunukan jan dutse masu shafaffen kai irin waɗanda suka yi wa garin Dogon Dutsi rumfa. Ruwayar baka ta ce Gubawa ne suka fara zama a nan, kuma shugabarsu ta farko daga Daura ta taso, ta yada zango a Lugu. Daga baya zuriyar wani ɗan sarkin Barno ta samu sarauta, aka raba aiki: mulki da yaƙi na sarakunan Matankari da takwarorinsu ne, sha'anin ƙasa da iskokinta da damina kuwa na Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Sarauniya ba ta da fada irin ta sarakuna. Mace ce mai farin tufafi da ke zaune a ɗakinta, ba ta yawo, in ta rasu kuma a ɗauki gawarta a ka, masu ɗauka su ce ita ke jan su zuwa ga wadda za ta gaje ta. A wajen gari akwai Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙarar sata da zargin da ba shi da shaida, masu kula da shi su yi tambaya, su ce motsinsa ne amsa. A nan ne kuma, cikin watan Afrilu na 1899, mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine da kwari da baka. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya, tare da fadar Zarmakoi ta Doso da Birnin Damagaram da tafkin Madarunfa.

To, me Littafin Allah ya ce game da zuwa irin wannan wuri? Umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ya maimaitu a surori da dama: Ali Imrana aya ta 137, An'am ta 11, Nahli ta 36, Namli ta 69, Rum ta 42. A Ankabut aya ta 20 abin dubawar shi ne yadda halitta ta fara, a Hajji aya ta 46 kuma an danganta tafiyar da samun zuciya mai hankalta da kunne mai ji. Abin da mai karatu da natsuwa zai lura da shi shi ne irin wuraren da aka ce a je a duba. Mafi yawansu kufan masu ƙaryatawa ne, garuruwan Adawa da Samudawa, da na mutanen Annabi Luɗu waɗanda ayarin Ƙuraishawa ke wucewa ta kansu safe da dare a kan hanyar Sham, har suratu Saffat ta zarge su da rashin hankalta. Ba a zarge su da wucewar ba, an zarge su da wucewa ido a rufe. Ashe ke nan kasancewar an yi wa wanin Allah bauta a wuri bai isa ya zama dalilin hana ganinsa ba, tunda shi ne ma dalilin da ya sa aka ce a gan shi. Wanda ya ce Musulmi ba ya taka ƙasar da aka yi shirka a kanta, sai ya faɗa mana yadda za a cika wannan umarni.

Hujjar farko da masu hana zuwa ke kawowa ita ce hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana ɗaura sirdi don tafiya sai zuwa masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus. Malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kan faɗinsa. Imam Gazali, a babin ladubban tafiya na Ihya'u, ya fahimce shi a kan masallatai kaɗai, domin bayan waɗannan ukun duk masallatai darajarsu ɗaya. Ibn Taimiyya ya faɗaɗa shi har ya haɗa da niƙa gari don ziyarar kaburburan annabawa da salihai, fatawar da ta kai shi kurkukun Dimashƙa a 1326, inda ya rasu a 1328, Taƙiyyuddin Subki kuma ya rubuta littafi sukutum don yi masa raddi. Wannan saɓani yana nan da ransa a ƙasar Hausa, shi ne ke raba ɗan ɗariƙa mai zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato da ɗan Izala mai ganin hakan bai dace ba. Amma duka ɓangarorin biyu suna magana ne a kan tafiyar ibada, wadda mutum ke yi don yana ganin wurin da kansa zai kusanta shi ga Allah. Ibn Taimiyya bai hana fatauci ba, bai hana tafiyar neman ilimi ba, bai hana sada zumunci ba, kuma ba zai yiwu ya hana ba alhali Buhari ya ambaci cewa Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. Mai zuwa Lugu don ya ji tarihi bai ɗauki Lugu wuri mai lada ba. Hadisin bai shafe shi ba ko a mafi tsananin fassararsa.

Hujja ta biyu ta fi kusa da batun. A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyar Tabuka, Annabi (SAW) ya wuce ta Hijir, mazaunin Samudawa. Ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai in suna kuka, ya lulluɓe kansa ya yi sauri, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin, aka ba raƙuma ƙullin da aka kwaɓa da shi. Ba mai musun ingancin wannan. Amma abu biyu ne a cikinsa da masu kafa hujja da shi kan tsallake. Hanin yana da togaciya, an yarda a shiga da hali na tsoron Allah da tunani, abin da aka ƙi shi ne shiga da annashuwa da shagala. Sa'annan Hijir wuri ne da wahayi ya tabbatar azaba ta sauka a kansa, kuma ba wanda yake da irin wannan nassi a kan wani ƙauye na Dallol Mawri, inda ake haihuwa, ake noman gero, ake kuma kiran salla a garuruwan da ke kewaye. Abin mamaki ma, shi Hijir ɗin ne UNESCO ta fara karɓa daga Saudiyya a 2008, shi ne yau ake tallarsa ga duniya da otal-otal da bukukuwa. In akwai wanda wannan hadisi ya kamata ya tsorata, ai mai murmushi gaban kyamara a Al-Ula ne, kafin a zo kan ɗalibin Matankari da ya tafi Lugu da littafin rubutu.

Hujja ta uku ce mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Mai ita zai ce: addinin Fir'auna ya mutu, ba wanda ke yanka wa dalar Giza kaza, saboda haka ganinta ba ya jan kowa ga komai, Tunguma kuwa ana tambayarsa har gobe, kuma masu tambayar ba duka ne Azna ba, akwai masu salla a cikinsu. Toshe ƙofar ɓarna asali ne babba a mazhabar Malikiyya da muke bi. Zai tuna mana labarin Zatu Anwaɗ, itaciyar da mushrikai ke rataya makamansu don neman albarka, wadda sababbin shiga Musulunci suka gani a kan hanyar Hunaini suka roƙi a sanya musu irinta, Annabi (SAW) ya tsawatar musu ya kwatanta roƙonsu da na Bani Isra'ila. Zai tuna mana ruwayar Ibn Sa'ad cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da aka ce a ƙarƙashinta aka yi mubaya'ar Ridwan, da ya ji mutane na zuwa salla a gindinta. Zai ƙara da cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albabi, ya yi magana mai zafi a kan masu girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka a wannan ƙasa tamu. Duk wannan gaskiya ne. Amma a sake duba labaran da kyau a ga inda laifin ya faɗo. Mutanen Hunaini sun ga itaciyar, ba a tsawatar musu a kan gani ba, sai da suka nemi irinta. Mutanen zamanin Umar salla suke zuwa yi. Hadisin Muslim da ya yi gargaɗin rashin karɓar sallar kwana 40 ya rataya hukuncin ne ga wanda ya je wa boka ya tambaye shi wani abu. A ko'ina iyakar ɗaya ce: nema, roƙo, tambaya. Wanda ya shiga kasuwa ya zaga ya fito daban yake da wanda ya taya kaya, ko da ƙafarsu ta taka rumfa ɗaya. Wannan iyaka kuwa tana da kaifi fiye da yadda masu sassauci ke so. Baƙon da ya ce bari ya gwada dutsen don raha, a ɓoye wani abu a ga ko zai gano, ya riga ya taya. Wanda ya tsaya a da'irar masu yanka lokacin da ake yi, ya yi shiru irin na mai yarda, shi ma ya matsa kusa da abin da ya ce bai zo yi ba. Wanda ya zauna gaban dattawan garin ya tambaye su daga ina kakanninsu suka taso, yaya aka yi ranar da Nasara suka zo, wa ya gudu wa ya tsaya, wannan tarihi ya tambaya, kuma mutane ya tambaya.

Akwai mai cewa maganar ziyara ma ba ta taso ba, abin da ya dace da irin wannan wuri rushewa ne, kamar yadda aka rushe Lata da Uzza da Manata. An rushe su, ba shakka, amma shugaban al'umma ne ya ba da umarni, a lokacin da Makka da Ɗa'ifa da ƙabilun da ke kewaye da su suka shiga ƙarƙashin Musulunci. Ba wani matashi ne ya ɗauki gatari da ra'ayin kansa ba. Inda aka yi haka a zamaninmu mun ga abin da ya haifar: a 2012 masu bindiga suka farfasa hubbarorin waliyyan Tumbutu, waɗanda ma na Musulmi ne, a 2016 kotun duniya ta yanke wa ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, ɗaurin shekara 9, an sake gina hubbarorin, ba a kuma ji wanda imaninsa ya ƙaru da wannan aiki ba. Mutanen Lugu 'yan ƙasa ne, maƙwabta ne, dangi ne na jini ga dubban masu salla a Dogon Dutsi da Gesheme da Kore Mai Ruwa, kuma aya ta 108 ta suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke kira, balle a kai musu hannu. Malaman Musulunci na da ma ba su ɗauki sanin addinin wasu a matsayin haɗari ga nasu ba. Ibn Kalbi ya tattara sunayen gumakan Larabawa da wuraren da suke da ƙabilun da ke bauta musu a littafi guda. Biruni ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta bayanin aƙidun Indiyawa wajen shekarar 1030. A nan gida, abin da muka sani game da Barbushe da Tsumburbura da bautar da ake yi a gindin Dala, daga tarihin Kano da aka rubuta da Larabci muka same shi, wato alƙalamin malami Musulmi ne ya adana shi. Da sun ce ƙazanta ce ba a taɓawa, da yau Bakano bai san daga inda aka ɗauko shi ba.

Wannan ne ya kawo mu ga dalilin da ya sa na ce Lugu ta fi dala amfani ga mutumin nan. Izina ba ta kama zuciya sai abin ya shafe ta. Ba'are da ya tsaya gaban dalar Giza zai yi mamakin girman duwatsu, ya ce Allah mai iko, ya koma otal. Fir'auna ba kakansa ba ne, ba abin da ya ci masa. A Lugu kuwa fuskokin da zai gani irin tasa ce, harshen da zai ji nasa ne, kirarin da za a yi na gidansu ne. Ƙasar Arewa ba ta bi tutar Sakkwato ba a ƙarni na 19. Samna Ƙarfe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Doso wajen yaƙar Gwandu a tsakiyar ƙarnin, Musulunci kuma bai game ƙasar ba sai a ƙarni na 20, ta hanyar fatake da 'yan ci-rani da almajirai da malaman da suka zauna cikin mutane suka auri 'ya'yansu. Abin da takobi bai yi ba, zama tare ya yi shi cikin shekarun da ba su kai ɗari ba. Malamin da ke wa'azi a Dogon Dutsi yau, in ya ƙirga baya kaka biyu ko uku, mai yiwuwa ya tarar da wanda ke kai baƙar akuya gindin tsamiya. Sanin wannan yana karya girman kai, domin yana nuna wa mutum cewa shiriya kyauta ce da ta iso gidansu jiya-jiya, ba gadon jini ba. Yana kuma koya wa mai wa'azi hanyar da ta ci nasara a kan kakanninsa, wadda ba ta zagi da jifa ba ce. Akwai kuma wata tambaya da Tunguma ke jefa wa malamai da alƙalai, ko sun so ko sun ƙi: me ya sa mai salla da aka sace wa sa yake barin alƙali da jandarma da limami ya tafi wurin dutse? Raunin imani amsa ce, amma ba ita kaɗai ba. Mutum yakan je inda yake zaton ba a sayen hukunci, inda mai kuɗi da talaka za su tsaya daidai. Wanda bai taɓa zuwa ya ga masu jiran layi ba zai ci gaba da yi musu wa'azin wuta daga kan mumbari, bai san ƙishirwar da ta kai su ba.

Sai kuma 1899. Rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara a farkon shekarar tana ƙona garuruwa, tana kwasar hatsi da dabbobi da mata. Garuruwa da yawa sun watse kafin ta iso, Lugu ta tsaya ta yi faɗa, aka ƙone ta, mutanenta suka shige kurmi. Bayan 'yan makonni, a watan Mayu, rundunar ta afka wa Birnin Ƙonni, garin da ke ƙarƙashin Sakkwato, ta yi masa kisan da har yau ake ba da labarinsa. Bindigar ba ta tambayi wa ke salla wa ke tsafi ba. Ƙarshensu ma abin dubawa ne irin wanda ayoyin can suka ce a duba: Kanar Klobb da gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a yankin Tasawa, cikin kwana uku kuma sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu baya suka kashe su duka biyu a wajen Maijirgi. Wasu Musulmi suna jin nauyin yabon Sarauniya Mangu saboda addininta. Ban ga dalilin wannan nauyi ba. Aya ta 8 ta suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa a bar adalci, kuma Buhari ya ruwaito cewa bayan Badar Annabi (SAW) ya tuna Muɗ'im ɗan Adiyyu, wanda ya mutu yana mushriki amma ya taɓa ba shi mafaka, ya nuna cewa da yana raye ya roƙi a saki fursunonin da an sake masa su. Yarda da cewa mutum ya tsaya a gaban azzalumi ba yarda da abin bautarsa ba ne.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai gyara, domin ba masu tsanani kaɗai ke kuskure ba. 'Yan boko da ma'aikatan al'adu sukan kashe maganar da cewa ai wannan al'ada ce kawai, gadon gargajiya ne, ba ruwansa da addini, kowa ya zo ya sha kallo. Wannan magana ta raina mutanen Lugu fiye da yadda mai wa'azi ya raina su, domin shi mai wa'azi aƙalla ya yarda cewa da gaske suke. Mafi yawan masu zuwa da wannan ido ba Sarauniyar Lugu suke nema ba, ta littafi suke nema. Abdullahi Mamani ya wallafa ƙagaggen labarinsa a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Daga nan sunan ya hau gidan rediyo da talabijin a Yamai, bayan sauyin mulki na 2023 kuma hukumomin soja suka ƙirƙiro lambar yabo da shi. Jarumar fim matashiya ce mai ɗamara da baka a hannu, tana gaban mayaƙa. Wadda sarautar Lugu ta sani mai zaman ɗaki ce, ƙarfinta a wurin mutanenta yana ga abin da suka yi imani tana riƙe da shi na ƙasa. Baƙon da ya zo da hoton fim a ka zai tarar da ƙaramin ƙauye da talauci ya ci, ya ɗauki hoton tsofaffi ba da izininsu ba, ya koma yana cewa ba komai a wurin. Shi ma ya wuce ido a rufe, irin wucewar da aka zargi ayarin Ƙuraishawa da ita, sai dai shi yana da waya mai kyamara. Tafiyar da nake karewa ta fi wannan wuya: mutum ya je yana riƙe da aƙidarsa ba tare da ya ɓoye ta ba, ya ɗauki mutanen wurin a matsayin masu hankali da suka yi imani da abin da shi bai yarda da shi ba, ya saurara, ya dawo da tambayoyin da za su dame shi.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Ba a zuwa gaban babba hannu rabbana a ƙasar Hausa, kuma goron gaisuwa ga tsohuwa ko dattijon da ya ba ka lokacinsa kyautatawa ce da aya ta 8 ta suratul Mumtahana ta buɗe ƙofarta, kamar yadda aka umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba musulma ba ce. Kuɗin da aka ce na kazar yanka ne ko na buɗe bakin dutse, wannan kuma wani abu ne daban, kuma baƙo yana iya cewa a'a cikin ladabi.

Wani zai ce duk wannan gardama ta masu ƙoshi ce, wa ke yawon buɗe ido a Nijar yanzu? Gaskiya ne cewa Turawa sun ɗauke ƙafa. Tun harin 9 ga Agusta 2020 a Kure, wurin raƙuman dawa da ke kan hanyar Yamai zuwa Doso, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, harkar ta durƙushe, arewacin gundumar Dogon Dutsi ma yana fama da 'yan bindiga, kuma ba mai hankalin da zai ce a kwashi yara a bi hanya ranar da hukuma ta ce ba lafiya. Amma wannan ne ya sa tambayar ta zama tamu. In Lugu za ta ga baƙi a shekaru masu zuwa, 'yan makarantun Dogon Dutsi da Tibiri ne, da ɗaliban jami'o'in Yamai da Doso da Tawa, da Arawan Kangiwa da ke tsallaken iyaka a jihar Kabi, kuma kusan dukkansu masu salla ne. Ya fi kyau su je da malamin da ya san tarihi ya kuma san tauhidi, wanda zai iya gaya musu inda za su zauna su saurara da inda za su ja da baya, a kan su je a ɓoye ko su tashi ba su san komai ba sai abin da fim ya nuna musu. Akwai dai mutum ɗaya da hujjar toshe ƙofar ɓarna ta ci a kansa, ba ni da abin da zan kare shi da shi: wanda ke ɗauke da buƙata mai zafi a ransa, wanda aka kore wa shanu makon jiya yana zargin maƙwabcinsa, ko wadda ta shekara goma a ɗaki ba haihuwa dangin miji sun sa ta gaba. Irin wannan in ya ce tarihi zai je ji, zai yi wuya ya iso gaban Tunguma bakinsa bai suɓuce ba, saboda haka shi ya dakata tukuna har buƙatar ta huce.